Tattakin Ƙoda da Gonar Mutumin Gulma

Ƙanwata ta rasu da ciwon ƙoda, kuma har muka kai ta makwancinta rabin danginmu ba su san abin da ya kwantar da ita ba. Mu a gidanmu ba a faɗin sunan ciwo. In an tambaya sai a ce jiki ne ya motsa, mai tambaya ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce. Wata da watanni ƙafafunta na kumbura, mu kuwa muna ta ba ta jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki irin na masu yawo da faranti. Sai da numfashi ya fara yi mata wuya muka kai ta asibiti. Likitan bai yi mana faɗa ba. Cewa kawai ya yi, da an auna jininta da fitsarinta tun bara, da wataƙila ba a kai nan ba. Na yi imani kwananta ne ya ƙare. Amma maganar nan ta zauna mini a rai.

Lokacin na riga na ajiye aikin koyar da Arabiyya a firamare, ina zaune gidana a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi, ba ni da abin yi bayan karatun safe da na almuru. Sai na ɗauki al'adar zuwa ɗakin wankin ƙoda kowace Alhamis. In zauna gefen gado, in yi wa mutum addu'a, in ya so hira mu yi, in bai so ba in yi shiru tare da shi, injin na ta juya jininsa. A can na saba da wata ma'aikaciyar jinya, mace mai kamun kai, wadda ita ce ta fara kawo mini maganar tattaki. Ta ce a wasu garuruwa mutane kan taru su bi titi a ƙasa, ana shela da lasifika, a ƙarshe a tsaya a auna hawan jini da fitsari kyauta, masu hali kuma su ba da abin da za a biya wa marasa ƙarfi kuɗin wanki. Ta ce, “Baba, in irinku suka shige gaba, mutane za su fito.”

Da na kai maganar majalisarmu ta ƙofar masallaci, dariya aka yi mini. Wani tsohon tela ya ce, “Malam, da girmanka za ka sa riga mai gajeren hannu ka bi titi kamar mai neman ƙuri'a? In tahiyar ƙasa na maganin ƙoda, ai da 'yan garuwa ba su san hanyar asibiti ba.” Ni ma na yi dariyar. Mutum ɗaya ne bai yi ba, shi ne abokina na ƙuruciya. Tare muka yi karatun allo a cikin gari, tabarma ɗaya, tawada ɗaya, bulala ɗaya. Ni na bi hanyar karatu, shi ya bi kwangila, ya san ƙofar gidan kowane babba daga Birnin Kebbi har Argungu. Ya ce, “Ku bar shi. Malam, ka riƙe addu'a, ni in riƙe manya.” Nan take muka naɗa shi shugaban kwamiti, daga ranar kowa ya koma ce masa Ciyaman. Kuma in faɗi gaskiya, ya yi aiki. Shi ya samo izini, shi ya samo riguna da ruwan leda da motar lasifika. Abin da zan yi wata ina kai da kawowa a kansa, shi da waya ɗaya yake gama shi.

Wata Alhamis ina shiga ɗakin wankin, sai na ga wani a gadon ƙurya ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Na gane shi ta ƙafarsa, ƙafar mai shiga ruwan shinkafa, duk ta tsattsage. Tsohon ɗalibina ne, mutumin Gulma, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zaurena kafin ya koma gida ya yi aure. Yanzu ya haura arba'in, da mata da 'ya'ya shida da tsohuwar uwa.

Na ce, “Ɗana, ni kake ɓoye wa?”

Ya sauke rawanin. A wuyansa akwai robar da ake haɗa shi da injin. Ya ce, “Malam, don Allah ba ka gan ni ba.”

Sannu a hankali ya warware mini. Gonar da yake nomawa a fadama ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce a Argungu. Kowace shekara Alhajin kan raba gonakinsa ga manoman da ya yarda da ƙarfinsu, ya ba su iri da taki da man injin ban ruwa, in an girbe ya ɗauki kasonsa. Babu takarda, magana ce ta baki, kuma duk shekara sabuwa ce. Shekara goma sha ɗaya ɗalibina na riƙe da wannan gona. Ya ce, “Malam, ka san halin fadama. Randa anka ce wane ba shi da lahiya, kahin la'asar mutum biyar sun durƙusa gaban Alhaji suna neman gonarshi.” Shi ya sa in zai zo wanki yakan ce ya tafi birni sayen kayan inji. Ƙanensa ke yin aikin ƙarfi, shi kuwa ya tabbata kullum da safe an gan shi tsaye a bakin gona da rawani a wuya. Daga shi sai matarsa sai ƙanen suka sani. Ko uwarsa ba ta sani ba.

Da maganar tattaki ta kankama, sai aka zo kan waɗanda za a taimaka wa. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ita aikinta bai ba ta damar fitar da sunan kowa ba, sai dai in mai ciwon ne ya yarda da bakinsa. Muka tsara cewa ni zan bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya amince in rubuta shi, bayan taro a kai abin da aka samu asibiti a biya musu wanki, ba tare da kowa ya ji ba. A gaban Ciyaman aka yi wannan magana, a zaurena, muka shafa Fatiha a kanta.

Mutum tara suka amince. Ɗalibina na cikinsu, amma ya ƙi da farko. Ni na matsa masa, domin na san yakan tsallake wanki in aljihu ya yi ƙasa, na kuma ga yadda fuskarsa ke cika in ya tsallake. Na ce masa amana ce tsakanina da Allah, daga ni sai ma'aikaciyar jinya. Daga ƙarshe ya ce, “In kai kac ce, Malam, to rubuta.”

Na rubuta da ajami, kamar yadda nake rubuta komai, a shafin baya na ɗan littafin da ba ya barin aljihuna. A raina na ɗauka ajamin ma kansa kwaɗo ne, tun da samarin kwamitinmu boko kaɗai suke karantawa, ko sun tsinci littafin sai dai su ɗauka addu'a ce su ɗora a kan taga.

Saura kwana biyu tattaki, Ciyaman ya zo gidana ana shirin azahar. Yana son hanyar da za a bi da sunayen masallatan da aka yi shela, ya kai a buga a takarda. Duk suna cikin littafin. Ladan ya riga ya kira, ni kuma ban yi alwala ba, sai na miƙa masa na ce ya dawo da shi gobe. Har ya kai ƙofa na tuna, na ce, “Ciyaman, shafin baya amanar mutane ce, kar ka buɗe.”

Ya juyo yana dariya. “Haba Alaramma. Ni da kai? Rubutun hannun nan naka ma da ko malaminmu sai ya kai shi rana yake ganewa.”

Washegari ya maido mini da littafin, na mayar aljihu, ban ƙara tunani ba.

Ranar Asabar, rana na ɗagowa muka taru. Lokacin sanyi ne, ana dab da dashen shinkafar rani. Ban taɓa zaton za a fito haka ba. Ga ɗaliban makarantar jinya, ga matan unguwa da hijabansu a sahu guda, ga 'yan acaba suna tura babura a hannu don kada a ce ba su taka ba, har tsohon telan nan na gani ya ɗora rigar tattakin a kan babbar rigarsa, ya zama kamar buhun albasa. Na ce masa ashe ya zo neman ƙuri'ar. Ya ce, “Na zo in ga inda za ka faɗi ne, in ba da labari.”

Sai ga motoci biyu daga Argungu cike da manoma. Na tambayi Ciyaman su waye. Ya ce mutanen wani babban baƙonsa ne, Alhaji mai gonakin fadama, ya roƙe shi ya kawo jama'arsa don taro ya cika. Ina kallo suna dirowa, na ga ɗalibina a cikinsu, rawani a wuya. Uban gidansa ya ce kowa ya fito, ba shi da hanyar cewa a'a. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar wanda ya shekara bai gan ni ba. Na raɗa masa ya shiga motar lasifika ya zauna. Ya ce, “In na shiga mota, mi zan ce musu?”

Haka ya taka hanyar nan duka. Daga Gesse muka miƙe babban titi, muka zagaya shatale-tale, muka bi ta gefen kasuwa, mai lasifika na ta faɗin a sha ruwa, a rage gishiri, a daina haɗiyar ƙwaya ba da izinin likita ba, wanda ƙafarsa ta kumbura kada ya jira. Masu shaguna na fitowa suna kallo, wasu na jefa abin da ya sawwaƙa a cikin kwali. Ni kuwa idona na baya. Sau biyu na ga ɗalibina ya tsaya kamar mai gyara takalmi, yana mayar da numfashi. Da abokansa suka tsokane shi, sai ya ƙara sauri har ya wuce su. Ya isa filin makarantar da aka kafa rumfuna da ƙafarsa, bai dafa kowa ba.

Aka zaunar da ni a rumfar manya, na buɗe taro da addu'a. Likita ya yi bayani, aka fara layin awo. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na tuna ƙanwata, na ce a raina ko mutum ɗaya aka gano da wuri, to mun ci riba.

Sai Ciyaman ya karɓi lasifika. Ya yaba wa manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro wata takarda daga aljihu, bugun na'ura. Ya ce, “Don kada gobe a ce mun tara jama'a mun ci da su, ga bayin Allah da za su amfana. Duk wanda ya ji sunansa ya fito nan gaban iyayenmu, su gan shi da idonsu.”

Ya karanta na farko, da sunan uba da unguwa, daidai yadda na rubuta. Ya karanta na biyu.

Tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na sha tambayar kaina abin da ya hana ni miƙewa in riƙe hannunsa. Amsar ba ta da daɗi. An tashe mu a kan cewa ba a katse babban mutum yana magana a gaban baƙinsa, ba a kunyata aboki a bainar jama'a. Na zauna ina gyaran murya, ina ɗaga masa hannu ƙasa-ƙasa, ina jiran ya waiwayo. Na tsare mutuncin wanda ke riƙe da lasifika, na bar mutum tara da suka ba ni nasu. Ya ga hannuna sarai. Ya juya mini kafaɗa ya ci gaba.

Ɗalibina ne na huɗu. Sunansa, sunan ubansa, Gulma.

Wasu daga cikin waɗanda aka kira ba su ma zo wurin ba. Wata tsohuwa ta fito tana rufe fuska da mayafi, aka tafa mata, masu waya suka ɗauki hoto. Ɗalibina bai motsa ba. Amma manoman da suka zo tare da shi duk suka juya suna kallonsa, na kusa da shi ya kai hannu ya ɗan ɗaga rawanin. Alhajin Argungu yana kujera ta biyu daga tawa. Ya sunkuyo wajen wani mutuminsa ya tambayi wani abu, mutumin ya gyaɗa kai. Shi ke nan abin da na gani.

Ban bari an watse ba na ja Ciyaman bayan wani aji. Na ce, “Mun shafa Fatiha.”

Ya ce, “Malam, kai ba ka san manya ba. Waɗanga mutane ba su sa hannu aljihu sai sun ga huska. Ka ga abin da sunka yi alkawari bayan na karanta? Da addu'arka kaɗai da mun tashi da ruwan leda.”

Na ce, “Ka buɗe shafin da na hana ka.”

“Na buɗe. Ciwo sata ne, da za a ɓoye shi? Ba wayar da kai munka hito yi ba? Kai da bakinka kac ce ɓoyo ya kashe ƙanwarka.”

Wannan ta shige ni, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma ya san inda zai taɓa. Na ce masa ƙanwata tawa ce, ina da ikon faɗin ciwonta a kasuwa in na so. Waɗannan kuwa ba nawa ba ne, ba nasa ba. Na gaya masa abin da ke tsakanin ɗalibina da Alhajin. Sai ya ce, “To ai ba ka gaya min ba.” Kamar da sai na tona masa asirin kowa kafin ya bar asirin a rufe. Wani ya leƙo ya ce manya za su tafi, Ciyaman ya gyara hularsa ya bi su.

Na nemi ɗalibina a filin, aka ce motarsu ta tashi.

Alhamis ta zo bai zo wanki ba. Ma'aikaciyar jinyar ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, amma ba ta ce in shiga ba, ni ma ban nemi shiga ba. Ranar Asabar na hau mota zuwa Argungu, na yi sallama gidan Alhajin. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo tuwon shinkafa da kifi, ya ce ba zan yi magana ba sai na ci. Da na gama roƙona, ya ce, “Malam, wallahi na tausaya mishi. Amma shekara nawa ina ba shi kayana, ya dube ni ya ɓoye min? Kuma gona ba ta jiran mai jinya. In ya kwanta tsakiyar ban ruwa, wa zai tashi inji?” Na ce ƙanensa na nan, kuma shi ke aikin tun bara, amfanin bai ragu ba. Ya ce ƙanen bai taɓa zuwa gabansa ba, bai san shi ba. Ya ce ya riga ya ba wani tun ranar Litinin, ba zai yi magana biyu ba, amma in an girbe zai tuna da shi a zakka. Ya raka ni har mota.

An biya wa mutanen nan wanki na ɗan lokaci da abin da aka tara, har da ɗalibina bayan ya dawo. An kuma gano wasu da hawan jini a layin awon nan, suna shan magani har yau. Ina faɗin wannan don kada in zalunci kowa. Ciyaman kuwa muna haɗuwa a masallacin Juma'a. In ya yi sallama ina amsawa, domin addini bai ba ni damar ƙauracewa ba. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da shekara ta zagayo ya aiko a tambaye ni ko zan buɗe musu taro da addu'a, na ce a gaya masa ƙafata ba ta da ƙarfi.

Ran nan da na je roƙon Alhajin, daga Argungu ban koma gida ba, na wuce Gulma. A ƙofar gidan ɗalibina na tarar da uwarsa zaune. Ta gane ni. Ta ce, “Malam, ashe ɗana ciwo garai, sai a bakin mutane zan jiya?” Na tambaye ta inda yake. Ta ce yana fadama.

Na same shi tsaye a kan kunyar da ta raba gonar da ta maƙwabci. Babu rawani a wuyansa, robar na waje kowa na gani. Ya durƙusa zai gaishe ni, na riƙe shi na hana. Na ce na zo neman gafara. Na fara ba shi labarin littafin da azahar da alwala, sai na ji labarin ba shi da wani amfani, na bar shi.

Ya ce, “Na yahe, Malam. Kai ka koya min karatu.” Bai dube ni ba da ya faɗa.

A cikin gonar wasu mutum biyar ne sunkuye cikin ruwa suna dashe. Na tambaye shi su waye. Ya ce 'yan ƙwadagon sabon mai gona ne. Irin da suke dasawa kuwa ɗalibina ne ya zuba shi, shi ya raine shi, Alhaji ya ce a bar wa wancan tun da shi Alhajin ne ya ba da irin.

Muka tsaya muna kallo. Can ya ɗaga murya ya kira na kusa da mu. “Kai! Kun cika matse shi. Ku buɗa mishi kaɗan, wagga ƙasa tana sa shi 'ya'ya da yawa. Kuma kusurwar gabas tana riƙe ruwa, kar ku bari ya haye kanshi.”

Mutumin ya ɗago, ya dube shi, ya dubi wuyansa, ya ce to, ya ci gaba da dasawa yadda yake yi.